Jan Tef a Ƙasan Ɗakin Gwaji

Shekara goma sha tara Dattijo ya yi yana auna hayaniyar lantarkin da na'urori ke fitarwa, a ɗakin gwaji mai bangon soso mai tsini-tsini. A ɗora caja a kan tebur, a saita eriya, a karanta lamba a allo. Sai dai abin da ya auna yau, in ya sake gobe, sai a samu bambancin desibel huɗu ko biyar a ma'aunin hayaniyar. Yakan ɗaga kafaɗa ya ce haka aikin ya gada.

Sai aka ɗauko wata injiniya, kowa na kiranta Sabuwa. Ita ce ta gano laifin na wayoyin da ke haɗa na'urorin ne: yau an miƙe su, gobe an naɗe, lamba kuwa na bin kwanciyarsu. Ta durƙusa da jan tef ta shata wa kowace waya hanyarta a ƙasa, har da gurbin ƙafafun eriya. Awonta na safe da na yamma suka koma kusan ɗaya.

Shugaban ɗakin ya yaba mata a gaban kowa. Dattijo ma ya tafa, amma da kishi a ransa. Tef fa, abin da ake liƙe kwali da shi. Ga sufeto mai sabunta lasisin ɗakin zai zo ranar Laraba, kuma kowa ya san wanda ya yi gwaji a gabansa shi zai riƙa sa hannu a rahotanni. Dattijo bai yi shakkar ita za a ba gwajin ba.

Ranar Laraba, da aka fita cin abincin rana, ya shiga ɗakin ya ɓamɓare tef ɗin kaf, ya dunƙule ya cusa a aljihu. Bari a ga gwanintar tata.

Sufeto ya iso, Shugaba ya juyo ya ce, "Dattijo, bismillah. Kai za ka yi."

"Ni?"

"Ita ta nace. Ta ce kai ka koya mata ɗakin, bai dace ta sha gabanka ba."

Sabuwa ta matso ta rage murya. "Baba, kada ka damu. Ka bi tef ɗin kawai, jiya na sake duba maka shi."

Aka buɗe ƙofar ƙarfe ta ɗakin. Ƙasan fes, ko ɗigon ja babu. Ta dubi ƙasan, ta dubi aljihunsa inda bakin tef ya leƙo, ta kawar da kai.

"Auna sau biyu," in ji sufeto. "Ka cire wayoyin a tsakani, ka mayar."

Dattijo ya ɗauki waya ta farko ya durƙusa, yana laluben sawun danƙon da tef ya bari da yatsa.