Igiyar Mita Huɗu

Tak Byong-su ya buga takardar a kan tebur har sai da miyar da ke gaban 'yarsa ta fantsala.

"Ba surutu na zo ji ba," ya ce. "Ki rubuta min lissafin nan da kyau, ki sa hannu, ki rubuta 'malamar lissafi' a ƙasa. Ƙarfe uku kwamiti zai zauna."

Hwa-jin ta ɗago takardar da yatsu biyu ta girgije ta. Ƙarfe goma na safe ne, ita kuwa sai da rana take fita koyar da 'yan sakandare, don haka yanzu take karyawa da shinkafa da kimchi, wato kabeji mai tsami da yaji. Wata huɗu rabon da mahaifinta ya tako gidanta, yau kuma ya faɗo ko takalminsa bai tsaya jerawa a bakin ƙofa ba.

Labarin ta riga ta ji, don ba wanda bai ji ba a garin. Shekaranjiya a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa aka ɗaga wani bangon jirgi mai nauyin ton ashirin. Kunnuwa biyu aka liƙa masa da walda don a maƙala igiyoyin ƙarfe. Yana sama ɗaya ya yage, bangon ya sauko a kan ƙafar Chun-sik, abokin aikin Byong-su na shekara ashirin. Byong-su ne ya ɗaura igiyoyin. Wani ɗan kwantiragi mai suna Dong-pil ne ya yi waldar, kuma tun kafin motar asibiti ta iso Byong-su ya fasa masa leɓe a gaban jama'a. Yau kwamiti zai faɗi mai laifi, ɗayansu kuwa ya bar aiki ke nan. Shekara talatin da ɗaya Byong-su yana ɗaure kaya ba a taɓa rubuta sunansa a rahoton haɗari ba, kuma saura shekara biyu ya yi ritaya.

"Duba nan," ya ce yana soka yatsa a takardar. "Ton ashirin, kunne biyu. Raba biyu, goma-goma. Kowane kunne an yi shi ya ɗauki sha biyu. To uban me ya yaga shi, in ba waldar banza ba?"

"Igiyar mita nawa ce, Baba?"

"Ina ruwanki da igiya? Igiya ta tsinke ne?"

"Mita nawa?"

"Huɗu."

"Tsakanin kunnuwan biyu fa?"

"Bakwai. Ke, tambaya na zo amsawa ko takarda na zo karɓa?"

Hwa-jin ta ajiye tsinkayen cin abincinta. Ta ture kwanon shinkafar gefe.

Akwai igiyoyi masu mita bakwai a ma'aikatar, ya sani sarai. Amma ranar suna can ƙarshen fili, injin ɗaga kaya kuma minti ashirin aka ba su, shugaban sashe yana ta ihu a rediyo a yi sauri, a yi sauri. A wannan ma'aikata in mutum ya ce a dakata ya ɗauko wani abu, to ya ja wa kansa sunan malalaci har ya mutu. Byong-su ya ɗauki gajerun da ke kusa, kamar yadda ya sha yi.

Ta juya bayan takardar ta zana alwatika. "Ga ƙugiyar injin ɗaga kaya a sama. Ka sauko da layi daga ita zuwa tsakiyar bangon, nan kusurwa ta zama digiri casa'in. Igiyarka ita ce dogon gefe, mita huɗu. Gindin rabin bakwai ne, uku da rabi. In ka raba gindi da dogon gefe, shi ake kira cos. In ka raba tsayi da dogon gefe, sin. Tsayi da gindi kuma tan, amma yau ba mu da aiki da shi."

"Kos, sin! Don wannan na kashe rayuwata a cikin ƙarfe kika je jami'a a Busan?"

"Eh, don wannan. Uku da rabi a raba da huɗu." Ta danna wayarta. "Kusurwar da igiyarka ta yi da bangon digiri ashirin da tara ce. Kusan a kwance take, Baba. Igiyar da ke kwance ba sama kawai take ja ba, yawancin ƙarfinta gefe yake tafiya. Abin da ke ɗaga kayan shi ne sin ɗin, a nan kuwa bai kai rabi ba. Sai ka raba gomanka da shi."

"Na san buɗe igiya yana ƙara nauyi. Tun ba a haife ki ba na sani. Kaɗan yake ƙarawa."

"Ashirin da ɗigo shida."

"Me?"

"Kowane kunne ton ashirin da ɗigo shida ya ɗauka."

Byong-su ya yi wata dariya mara daɗi. "Kayan gaba ɗaya ton ashirin ne, shashasha! Ta ina arba'in ya fito? Aljanu ne suka hau kai? Ke da ba ki taɓa ɗaga abin da ya fi alli ba, za ki zauna a kicin ki gaya min nauyin ƙarfe?"

Ta tashi ta kwance igiyar shanya daga baranda, ta zura ta a hannun buhun shinkafa mai kilo goma, ta miƙa masa bakunan biyu.

"Ɗaga."

Ya ɗaga da hannuwa a haɗe, yana hararar ta.

"To buɗe hannuwanka. Ƙara. Ƙara dai, ai kai ne gwani."

Ya buɗe. Igiyar ta miƙe, ta fara cin tafin hannunsa. Ya cije ya ƙara buɗewa don kada ta ga gazawarsa, kafaɗunsa suka ɗauki rawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Buhun da ya saba ɗauka da yatsa biyu ya gagare shi. Ya sake shi ya faɗi tim, bakin buhun ya ɓalle, shinkafa ta watsu har ƙarƙashin firji.

"Aljanu nawa ka ji?" in ji Hwa-jin.

"Ba ni wayar nan!"

Ya fizge wayar ya zauna. Yatsunsa manya ne, suna danna lamba biyu a lokaci guda, yana zagin wayar da wanda ya ƙera ta. Ya ce kada ta sa masa baki, sannan ya daka mata tsawa don ta yi shiru ba ta nuna masa inda cos yake ba. Sau uku yana yi, sau uku amsar ba ta motsa ba. Daga nan, ba tare da ta ce masa komai ba, ya zana wata alwatikar da kansa, ya rubuta bakwai a dogon gefe. Uku da rabi a raba da bakwai, rabi. Digiri sittin. Ya nemo sin, ya raba goma da shi.

Sha ɗaya da rabi. Da ya yi tafiyar minti biyar zuwa ƙarshen fili, da kunnen yana nan, da Chun-sik yana tsaye a kan ƙafafunsa biyu.

Ya kife wayar a kan tebur. Kunya ce ta kama shi, amma Byong-su bai iya kunya ba, duk abin da ya shige shi fushi yake komawa.

"Rubuta nawa lissafin," ya ce. "Goma-goma. Ba wanda ya tambayi tsawon igiya."

"Ba zan rubuta ba."

"Ni ubanki ne!"

"Shi ya sa nake gaya maka a kicin ba a gaban mutane ba. Baba, kullum kana cewa mu 'yan boko ba mu san komai ba, hannu shi ne ya sani. To hannun ya ji yanzu. Kawu Chun-sik ne ya koya min hawa keke, yau an ce ƙila a yanke masa ƙafa, kai kuma ka zo in sa maka hannu a kori wani bawan Allah?" Ta tura masa takardar gabansa. "Ba zan kai ka ƙara ba. Ka je ka yi shirunka, aikinka yana nan. Amma ban da sunana."

Ya cusa takardar a aljihu, ya taka shinkafar ya fita, ya bugo ƙofa.

A cikin bas ya yi ta tafasa. Ya ji haushin tsohon da ya koya masa aiki, wanda ya mutu tuntuni, mai cewa a duba da ido kawai, buɗe igiya kaɗan yake ƙara nauyi. Ya ji haushin darasin kiyaye haɗari na kowane wata, inda ake kashe fitila a haska hotuna, kowa ya yi gyangyaɗinsa ya sa hannu ya fita. Ya ji haushin shugaban sashe da rediyonsa, da Chun-sik da ya tsaya inda ya tsaya, da Hwa-jin da ta gado bakin uwarta. Wani ɗalibi ya tashi ya ba shi kujera, ya ce masa shi ba tsoho ba ne, da ƙarfin da ya sa duk motar ta waiwayo.

A ƙofar ɗakin taro wakilin ƙungiyar ma'aikata ya ja shi gefe. "Yaya, an gama magana tun jiya. Ka ce walda kawai, ka zauna. Yaron ɗan kwantiragi ne, kamfaninsu zai tura shi wani wuri ko ya sallame shi, wannan matsalarsu ce. Kai namu ne."

Mutum biyar ne a teburin, har da wata mai rubuta bayanan taro. Dong-pil yana can ƙarshe shi kaɗai, leɓensa a kumbure, hularsa a kan gwiwa. Bai kai shekara arba'in ba, amma ya zauna irin zaman wanda ya riga ya san hukuncinsa. Aka zaunar da Byong-su kusa da Injiniya Seok, matashin da ke kula da kiyaye haɗari, mai tabarau da farar riga.

Shugaban kwamiti ya karanta rahoto da muryar mai son ya tashi da wuri. An sami 'yan ƙananan ramuka a waldar. Ba su wuce ƙa'ida ba, amma akwai su. Dong-pil ya ce, ba tare da ya ɗago ba, an gwada waldar kafin a ɗaga kuma ta ci gwaji. Ba wanda ya rubuta abin da ya faɗa.

Byong-su yana kallon tebur, sai idonsa ya sauka a kan littafin injiniyan. A kusurwar shafin akwai wata 'yar alwatika da aka zana da fensir, tsaf-tsaf. Huɗu a dogon gefe, uku da rabi a gindi. A ƙasa an rubuta lamba an ja mata layi biyu. Da jiya ne ya ga wannan zane, da ya ɗauka yaron yana wasa da fensir ne don taro ya gundure shi.

Injiniya Seok ya ga inda yake kallo. A hankali ya ɗora tafin hannunsa a kan shafin.

Wato sun sani. Sun auna igiyar, sun yi lissafin, sun rufe. Sun zaunar da shi a nan ne don ya buɗe baki ya faɗi jahilcinsa da ƙarfi, su rubuta, a kori wanda ba shi da kowa. Sun tabbata ba zai taɓa ganewa ba, kuma shekara talatin da ɗaya suna da gaskiya. Duk fushin da ya yini yana rabawa ga mutane ya taru wuri ɗaya, har kunnuwansa suka yi zafi.

"Oga Tak," in ji shugaban, "kana nan a kan bakanka cewa walda ce?"

Byong-su ya ture kujera ya miƙe. "Injiniya, nawa ka samu?"

"Ban gane ba, Oga."

"Ɗage hannunka mana. Ko kunyar rubutunka kake ji?"

Wakilin ƙungiya ya kamo masa riga. "Yaya, zauna!"

Ya fizge. Ya je allon da ke bango ya ɗauki alƙalamin. Alwatikar da ya zana ta fito a karkace, sai da ya goge gindin da hannun riga ya sake ja. Ya rubuta huɗu. Ya rubuta uku da rabi. Ya rubuta cos, ya tsaya, ya duba takardar aljihunsa a gaban kowa, sannan ya ci gaba. Dong-pil ya ɗago kai.

"Oga Tak," shugaban ya ce a hankali, "ka san abin da kake yi wa kanka kuwa?"

"Igiyar mita huɗu ce, ni na ɗauko ta. Ke mai rubutu, rubuta, kada ki tsaya kallona." Ya ja layi a ƙarƙashin amsar, ya juyo wajen injiniyan, idanunsa jajur. "Ashirin da ɗigo shida na samu. Yau na koya, ban iya sosai ba. In na yi kuskure ka gyara min."

Injiniya Seok ya dubi shugaban, ya dubi allon. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sannan ya janye hannunsa daga kan littafin.

"Daidai ne," ya ce.