Hancin Anselmo

Anselmo ya juya jar giyar a cikin tambulan, ya cusa dogon hancinsa, ya lumshe ido kamar mai addu'a. Babu abin da ya ji. Wata bakwai ke nan tun da wata muguwar mura ta tafi masa da jin ƙamshi da ɗanɗano, ta bar masa hancin kawai a fuska.

Mu mutanen garin Viseu ba mu sani ba. Hanci muke kiransa, kuma ya fi son sunan a kan nasa na gaskiya. Shekara arba'in yana zagaya gidajen masu yin giyar inabi duk bazara, yana zaɓar wa gidan abincinsa abin sha. Idan ya yamutsa fuska a kan ganga, mai ita sai ya yi sati yana jinyar zuciya. Mutum ne mai ji da kansa, kuma ya gwammace mutuwa da a ji tausayinsa.

Matarsa Deolinda ce kaɗai ta san halin da ake ciki. Ita ke tuƙa shi tun fil azal, don haka kurɓa take yi ta kurkure baki ta tofar, ba wanda ya taɓa tambayar ra'ayinta. Suka shirya a tsakaninsu: in giya ta yi, ta taɓa ɗankunnenta, in ba ta yi ba, ta gyara jakarta. Sauran surutun nasa ne, don bakinsa kam murar ba ta taɓa shi ba.

A zagayen bana, a yankin Alentejo ta gyara jaka, ya ce rana ta dafa inabin tun yana reshe. A yankin Douro ta taɓa ɗankunne, ya yi wa masu gonar wa'azin rabin awa a kan duwatsun gangarensu. Kowa na gyaɗa kai. A mota kuwa titi kawai yake kallo, ita ma ba ta tsokanarsa.

Zangon ƙarshe gidan Custódio ne, abokinsa na ƙuruciya. Bayan an gama da ganguna, Custódio ya ɗauko wata tsohuwar kwalba marar takarda, ya tara 'ya'yansa da ma'aikata.

"To, Hanci, ana ta cewa ka tsufa," in ji shi yana zubawa. "Faɗa wa yaran nan ta ina ce, su daina rainin manya."

Anselmo ya kurɓa. Da ita da ruwan famfo duk ɗaya. Ya saci kallon Deolinda. Ba ta taɓa ɗankunne ba, ba ta gyara jaka ba. Bokitin tofarwa na gabanta, amma haɗiyewa ta yi, idonta ya ciko.

Bai taɓa ganin ta haɗiye a kan hanya ba. Giya ɗaya ce a duniya za ta ƙi tofarwa: wadda aka sha ranar aurensu, ta gonar mahaifinsa, gonar da aka sayar aka tumɓuke inabinta. Ya daɗe yana zaton kwalbar ƙarshe ta ƙare.

"Ta gonar babana ce," ya ce.

Wurin ya kaure da tafi. Custódio ya rungume shi, ya ce shekaru yake ɓoye da ita don rana irin ta yau, kuma daɗin abin shi ne ta faɗa bakin wanda ya san ta. Anselmo ya yi dariya tare da su, ya shanye tambulan ɗin, baƙin ciki na cin sa.

Da suka shiga mota, Deolinda ba ta tayar ba. Ragowar kwalbar na kan cinyarsa, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Kin sha, ba za ki yi tuƙi yanzu ba," ya ce.

"Kurɓi ɗaya ne fa, tsoho."

"Duk da haka." Ya rufe ido. "Faɗa min yadda take. Fara daga ƙamshin, a hankali, kar ki tsallake komai."