Yatsan Baba a Hannun Auta

"Shekara goma sha biyu a kan kujera, kuma yana neman ƙari. In wannan ba kama-karya ba ne, Baba, to mene ne?"

"Rage murya," in ji tsohon. "Ido na rasa, ba kunne ba."

Suna cikin layin zaɓen shugaban ƙasa a harabar wata makaranta, rana ta fara cizo. Auta, mai walda, yana riƙe da gwiwar hannun mahaifinsa. Tun da idon tsohon telan ya mutu shi ke masa jagora. Yau ma shi zai shiga da shi bayan labule, ya ɗora masa yatsa a kan takarda.

"Ya rufe jaridu. Ya kori alƙalan da suka ce masa a'a."

"Ni ban taɓa ɗinka wa alƙali riga ba. Kafin ya hau, sau biyu ana ƙona mini shago a tarzoma. Tun da ya zo ko allura ban rasa ba."

"Tsoro ke nan za ka zaɓa."

"Barci zan zaɓa. Kai fa? Wancan naka mai baki kamar rediyo, ka san shi ne? Haushi kawai ya kawo ka."

Auta ya cije leɓe. Wata bakwai ke nan da aka ɗauke abokin aikinsa a ƙofar gareji kan wata magana da ya rubuta a waya. Har yau matar abokin tana yawon ofisoshi da hotonsa. Auta ya sauya ƙafa, ya leƙa gaban layi, ya sake sauyawa.

"Kama-karya shi ne a hana ka zuwa nan," tsohon ya ci gaba. "Ga mu a tsaye. Wa ya hana mu?"

"A'a, Baba. Shi ne mutum ɗaya ya yanke wa kowa, don yana ganin ya fi su sani."

Wata mata a bayansu ta yi dariya. "Ku matsa, 'yan majalisa, layi ya tafi."

Ma'aikaciyar zaɓe ta duba katin tsohon, ta miƙa takarda, ta kalli Auta. "Abin da ya ce za ka yi masa, ka ji?"

Ya gyaɗa kai.

Bayan labulen babu kowa sai su biyu da ɗan tebur mai gurguwar ƙafa. Auta ya kama babban yatsan mahaifinsa, mai kanta saboda shekarun allura, ya danna shi a tawada. A takardar, gidan shugaban na sama, na ɗan adawar na ƙasa, tsakaninsu bai kai faɗin tafi ba. Tsohon ya sakar masa hannun gaba ɗaya, babu nauyi, babu gardama.

Auta ya kai yatsan sama. Ya dawo da shi ƙasa. Zufa ta gangaro masa cikin ido. Daga waje wani ya buga tebur, a yi sauri.

Ya tsayar da yatsan dab da takarda.

"Auta, na ji ka tsaya," in ji tsohon a hankali. "Nan ne nawa?"