Kar a Fesa Fodin Alhaji

...kuma sai da na ce kar a taɓa ta. Sau nawa zan faɗa? Na dawo daga gonar Mawashi, fartanya a kafaɗa, na tarar da rumfa wayam, tamfol yashe a ƙasa, sawun taya ya nufi titi. Uwargida Lami ta ce wai Sufyanu ya kai ta Kankiya wajen mai fenti. Wai saboda baƙon da zai zo jibi. Fenti! Ɗan da na haifa da cikina...

Bas ɗin nan tafiya take ko kiwo? Kowane gindin itace sai an tsaya ɗaukar buhu.

Alhaji Bubayero, Allah ya jiƙanka, motarka ce fa. Shekara hamsin da 'yan kai. Ka sayo ta Ikko shekarar da gyaɗa ta yi albarka, ka miƙo min makulli, ka ce Bube, kai ne direbanta, kai ne mai wankinta. Fodi ƙirar Amurka. Ƙofa biyu kacal, dogon hanci, silinda takwas. In na tada ta kajin unguwa sai sun watse. Sitiyarinta a hagu lokacin da na kowa ke dama, 'yan tasha na yi mana dariya. Ba a daɗe ba aka mai da tuƙi hannun dama. Ƙasar ce ta biyo mu.

Koriya ce. Koren ganyen bedi bayan ruwan sama. Ya koɗe, to sai me? Ni ban koɗe ba?

Baƙon nan da zai saye ta, mutumin Abuja, mai tara tsoffin motoci... zuwansa na farko, da farar shaddarsa ya durƙusa a ƙasa. Ya haska tocila cikin inji, ya gwada lambar inji da ta takarda, har kujera ya shinshina. Ya ce Baba, ko ƙusa kar a sake. Fentin kamfanin nan shi ne darajarta, ranar da aka fesa ta ta zama kamar kowace, ni kuma ba ni so. Wa yake gaya wa? Aji uku na yi a makaranta, amma wata bakwai na ajiye ta ina jiran bel ɗinta na asali. Kowane bakanike: sa mata injin Fijo ka huta. Su huta su.

Ba kwaɗayi ba ne, Alhaji, ka san ni. Ido ne ya tafi. Bara na kusa hawa kan jakin mutane a garin Ƙofa. In na faɗi yau, wata uku ba za ta yi ba kaji sun yi ƙwai a kujerarka, daga nan sai 'yan jari-bola da guduma, a auna ta a sikeli. Shi wancan ɗaki gare shi, mai rufi, mai ƙofa. Can za ta. Na riga na yanke.

Taka mana, direba...

Asibitin Katsina, hannunka kamar kara. A gaban 'ya'yanka ka faɗa—motar ta Bube ce, shi ya san ta. Ban ce komai ba. Ban iya ba. Na fita na goge gilashi.

Shi ke nan ciwona, magana. Ban iya ba. Sufyanu yana Kano ranar da mutumin ya zo, bai ji da kunnensa ba. Ni kuma me na ce masa? Kar a taɓa. Kalma uku. Da na ƙara masa uku... Ba mugunta ba ce. Rago ma wanka ake yi masa kafin kasuwa, babur a fesa shi, ɗaki a shafe shi da farar ƙasa in baƙo zai sauka. Haka ya tashi ya gani. Kunya yake ji, kar a ce gidan Bube sun sayar wa babban mutum tsatsa. Mai 'ya'ya shida, ya kwashi abin da ya tara don ya fid da ubansa kunya—wawa. Wawan kirki.

Kankiya. Ƙafa, yau ba ranar ciwonki ba ce. Bayan masu faci, garejin Sharafaddeen... ga ta can. Jarida liƙe a gilashi, kamar an rufe mata ido. Gwangwani biyu a ƙasa. Ja! Ja za su mai da ta?

“Kai! Ɗaga hannunka!”

Ba a buɗe gwangwanin ba. Alhamdu lillahi. Bonet kore, rufi kore, baya kore... Sufyanu ya miƙe, ya cire hula, bakinsa na motsi. Ba yanzu ba.

“Ai yanzu na sa samfefa, Baba,” in ji Sharafaddeen. “Inda ya fi cinyewa na fara.”

Ƙofar direba. Bakin taga. Taƙi ɗaya, farin ƙarfe tas.

Nan gwiwar hannuna ke zama. Kano, Katsina, Maraɗi, rana da ruwa... ita ta cinye koren a hankali har wurin ya yi santsi kamar bakin turmi. Ya goge shi cikin minti nawa?

Mutumin Abuja zai gani. Zan nuna masa da kaina, ba zan ɓoye ba, ya ɗauka ko ya bari. Yau nan zan zauna, jikin tayar nan, har a cire jaridun, in ga mai matsowa.

Amma Alhaji... komai na jikinta na kamfani ne, ko naka. Wurin nan kaɗai ne nawa. Ban sani ba sai yanzu da hannuna ya je bai gane wurin ba.

A ba ni benci.