Hanyoyi a Cikin Garin Katako

Tun a hanya mai ma'aikatar kujerun ya gama yanke shawara: yau zai sallami Auta. Ƙaninsa ne ciki ɗaya, shi ke yin fenti, kuma kullum a wurinsa aiki ke cunkushewa. Kujeru su yi layi suna jiran fenti, masu kaya suna ta bugo waya, shi kuwa gogan duk sanda ka leƙa yana tsaye yana surutu da wani. An yi faɗan, an yi lallashin. Abin da ya rage shi ne ya dubi idon ƙaninsa ya ce ya tattara nasa ya nasa, sannan ya san abin da zai gaya wa tsohuwarsu.

Maigidan mutum ne da muryarsa ke riga shi shiga wuri, amma ran nan bakin ya mutu murus. Ya kama tsani ya hau saman da ake shanya katako, wai zai duba ko sun bushe. Ƙarya yake yi, kalmomin da zai fara da su yake nema.

Shekara da shekaru yana cikin wurin nan, bai taɓa kallonsa daga sama ba. Da ya leƙo, sai ya nemi wuri ya zauna.

Garin katako ya rufe daɓen kaf, fari tas, kuma ƙafafun ma'aikata sun fitar da hanyoyi a cikinsa. Wata ta taso daga injin yanka, wata daga teburin masu haɗa ƙafafun kujeru, wata siririya daga lungun mai ɗinkin kushin. Suna lanƙwasa, suna haɗewa, suna ƙara faɗi kamar hanyoyin zuwa rijiya. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ya ga dukansu a wurin Auta suke ƙarewa.

Yana nan zaune mai yanka ya bi tasa hanyar riƙe da katakon da ya tsage. Auta ya ajiye buroshi, ya jujjuya katakon, ya nuna masa inda zai rage a fitar da hannun kujera. Bai gama ɗaukar buroshin ba sai ga mai kushin ta zo da yadin da launinsa bai dace ba. Bayanta ga wasu biyu sun taho a fusace kan zarto, suka koma suna dariya. Kowa ya zo da fuska a ɗaure, ya koma ya kama aiki. Kujerar gaban Auta kuwa tana nan rabi da fenti.

Maigidan ya gyara zama. A da, in an tambaye shi me yake shugabanta, cewa zai yi injuna da mutane. Yau ya ga abu guda ne mai rai, mai tafiyarsa da ba wanda ya tsara, kuma a gaban idonsa ya ginu bai sani ba.

"Ikon Allah," ya faɗa a hankali.

Sai ya nemi hanyar da ta nufi ofishinsa. Garin katakon wajen a kwance yake lumui, in ban da sawun takalminsa. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya aika a kira Auta. Auta ya hawo yana goge hannu da tsumma, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Yaya, na san maganar. Ka bar ni in ƙarasa kujerun nan, Inna kuma ni zan yi mata bayani."

"Me ya sa ba sa zuwa wurina?"

Auta ya sosa ƙeya.

"Faɗi mana."

"Yaya, in mutum ya zo maka da matsala ɗaya, da biyu yake komawa."

Ihun da Maigidan ya saba ya taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye shi da ƙyar. Ya matsa gefe a kan katakon.

"Zauna. Fenti a nemi wani, kai ba aikinka ke nan ba. Gaya mini duk abin da suka kawo maka yau."

Auta ya zauna a ɗarare, ya dubi ƙasa, ya dubi yayansa.

"Na yau kawai," ya ce, "ko tun daga farko?"