Sarrat da Masu Tallan Cuku

Tun da gari ya waye Odile ke fama da Sarrat a bakin famfon bayan gida. Ta cuɗa, ta ɗauraye, ta sake cuɗawa, shi kuwa karen yana tsaye kamar ɗan maraƙi, hankalinsa na kan tudun da tumaki ke kiwo.

"Shekara shida muna tare, ban san haka yake da fari ba," in ji mijinta Firmin, yana dogare da sandarsa. "Ko ni ba ki taɓa cuɗa ni haka ba."

"Kai wa ya taso daga Paris don ya ga fuskarka?"

Masu tallan cuku ne za su zo. Sun zaga ƙauyukan kwarin Aspe suna neman farin karen dutse irin wanda yara suka saba gani a talabijin da jikin kwalin biskit, mai gashi buzu-buzu da idon tausayi. Da aka nuna musu gidan Lacazette, wato gidan su Firmin, Odile ta amsa tun Firmin bai buɗe baki ba.

Da hantsi suka iso, mota uku. Shugabarsu wata 'yar siririya ce mai suna Solène. Ta gabatar da Aurélien, saurayin da zai fito a matsayin makiyayi, sanye da sabuwar hula da takalmin da bai taɓa taka kashin tumaki ba.

"Abin mai sauƙi ne, Baba," ta ce wa Firmin. "Zai yi fito, kare ya sheƙo da gudu, su rungumi juna."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji Firmin.

Aurélien ya yi fito har leɓensa ya bushe. Sarrat yana kwance a tsakiyar garke, ko kunne bai kaɗa ba. Aka miƙa masa yankan nama, ya taso a hankali ya karɓa, ya koma mazauninsa. Sau tara ana maimaitawa. Kunya ta kama Odile, ga maƙwabta sun jeru a jikin shinge suna ƙus-ƙus.

"Cikin tumaki ya buɗe ido, 'yata," Firmin ya ce wa Solène. "A wurinsa su ne dangi. Mu masu kawo abinci ne kawai."

Nan dabara ta faɗo wa Odile. Ta ja Aurélien gefe. "Ɗana, ɗauki wancan ɗan ragon ka yi gaba da shi. Zai biyo ka."

"Odile," in ji Firmin a hankali, "ki dai yi tunani."

Ta harare shi.

Aurélien ya sungumi ɗan ragon, ya nufi gangare yana murmushi. Ɗan rago ya yi kuka sau ɗaya. Sarrat ya miƙe. Haushin da ya saki sai da duwatsu suka amsa, ya taho gashinsa na tashi kamar an yaye bargo. Aurélien ya waiga, ya dire ɗan ragon, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Hula ta yi nata wuri, takalmi ya zame, sai ga shi zaune tsamo-tsamo a cikin rafi. Sarrat bai ko kula shi ba. Ya shinshina ɗan ragon, ya tura shi da hanci har gaban uwarsa.

Odile ta ruga da tawul tana ba da haƙuri. Sai ta tarar Aurélien yana dariya, haƙoransa na kaɗawa don sanyi. Solène kuwa ta durƙusa tana share hawayen dariya, tana tambayar mai kyamara ko ya ɗauka. Ya ɗaga mata babban yatsa.

Da kaka tallan ya fito, an mai da makiyayin ɓarawon rago. Mutanen ƙauye suka cika shagon shayin Madam Bordenave suna kallo, duk inda aka zo wurin rafi sai ɗakin ya kaure da dariya. Odile tana gaba-gaba, tana gaya wa duk mai saurare cewa dabararta ce.

Da rani ya zagayo, baƙi suka riƙa hawowa da yaransu. Wasu karen suke nema, amma yawancinsu tambaya suke a nuna musu inda mutumin ya faɗa ruwa, Firmin kuma yakan sa hularsa ya raka su.