Ƙafafun Nilambal

Tun da hantsi Nilambal take kai-komo a ɗakin ɗaukar fim na unguwar Kodambakkam, kofinta ya huce, ta kasa zama. Shekara talatin tana shirya raye-rayen finafinai, amma wannan rawar daban ce. Malaminta na garin Tanjavur ita kaɗai ya koya wa kafin ya rasu, kuma ba ta da ɗalibar da ta ɗauke ta. In rawar ba ta shiga fim ɗin nan ba, ranar da Nilambal ta mutu, tare da gawarta za a ƙone ta.

Ga kuma jarumar, Mallika, kyau kamar ita ta yi kanta, amma ƙafa sai a hankali. Sau goma sha huɗu ana ɗauka tana ɓata bugu.

"'Yata, ƙasa ake bugawa, ba kiyashi kike kashewa ba."

"Mama, ƙafata fa ta kumbura."

Darakta Ilango ya dubi agogo. "Mama, ƙarfe huɗu masu wurin za su karɓi abinsu. In ba ta yiwu ba, na cire rawar, mu sa Mallika ta zagaya bishiya."

Bishiya! Ran Nilambal ya ɓaci. Ta ce ya ɗauki fuskar yarinyar, ƙafafun kuwa ita za ta ba shi. Rabonta da ɗaura akayau shekara goma sha ɗaya, tun da gwiwa ta fara mata gardama. Ta ɗaura, aka shafa mata jan lalle, ta durƙusa ta taɓa ƙasa ta nemi gafararta, kamar yadda mai rawa ke yi kafin ya taka ta.

Sai ta fara. Gwiwar na kuka, ta ƙi saurarenta. Masu fitila suka bar hira, mai ganga ya shiga zufa yana bin ta. Tashi ɗaya ta kai ƙarshe.

Ilango da mai ɗaukar hoto suka haɗa kai suna ƙus-ƙus, har ta ƙosa.

"Ku yi magana mana, ko gawa kuka gani?"

Ilango ya sosa ƙeya. "Mama, rawa kam ta yi. Sai dai faso da jijiyoyi duk sun fito. Wa zai yarda ƙafar 'yar shekara ashirin ce?"

Ta sunkuya ta dubi ƙafafun. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma ta yi mata zafi.

"Sautin fa? Shi ma ya tsufa?"

Sautin kawai suka ɗauka.

Ranar da fim ya fito, Nilambal ta sayi tikiti ta shiga cikin jama'a, sai mutsu-mutsu take a kujera. Fuskar Mallika ta cika allon, akayau na tashi a ƙarƙashi, samari na fito da tafi. Nilambal ta rufe ido tana ƙirga bugun da yatsu. Ba a yanke ko ɗaya ba.

Matar da ke kusa da ita ta zungure ta. "Baiwar Allah, buɗe ido ki ga rawa."